Yadda Ma'aikacin Jinya Zai Kula da Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa a Unguwannin Zango na Kumasi

Duk wanda ya zaɓi jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa a Ghana ya san tambayar da dangi suke fara yi masa, wato me ya hana shi zaɓar ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata. Amsoshin da sababbin ma'aikata suke bayarwa ba su da yawa. Wani yana da ɗan uwa da ya yi fama da ciwon, wata lada take nema a wurin Allah, wani kuma gurbin da ya samu ke nan a makarantar koyon jinya ta Ankaful ko ta Pantang, sai daga baya aikin ya shiga ransa. Babu abin rainawa a cikin waɗannan dalilai, sai dai ba kasafai suke ɗorewa su kaɗai ba idan aka daɗe ana fama da ƙarancin magani, da cunkoson marasa lafiya, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. A ganina, abin da yake riƙe ma'aikaci shi ne ya mayar da tausayinsa tsarin aiki, wato jerin abubuwan da zai yi wa kowane majinyaci ko yana cikin nishaɗi ko ya tashi a gajiye. Bayanin da ke tafe na waɗannan abubuwa ne, kuma an yi shi ne domin wanda zai yi aiki da mutanen Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Alabar da Tafo.

Ya kamata ma'aikaci ya san girman matsayinsa tun daga farko. Manyan asibitocin masu taɓin hankali na gwamnati guda uku ne a ƙasar: na Accra da aka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast da aka buɗe a 1965, da na Pantang da aka buɗe a 1975, kuma duk a kudancin ƙasa suke. A Kumasi, sashen da ke Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda jama'a suke kira Gee, da ƙananan sassa a asibitocin gunduma irin na Tafo su ne suke ɗauke da nauyin. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta kafa hukuma ta musamman domin wannan fanni, ta kuma karkata akalar jinya zuwa cikin al'umma maimakon a tara mutane a bayan katanga. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, iyalai da yawa ba za su taɓa zama gaban likitan ƙwaƙwalwa ba. Nas ɗin da suka tarar a kan tebur shi ne asibitin a idonsu, kuma yadda ya karɓe su shi zai sa su dawo ko su koma gida su ce sun gwada ba a dace ba.

Zaman farko

A fara da gaisuwa cikakkiya, kuma a fara gaida marar lafiyar kafin waɗanda suka rako shi. Sau da yawa mutum yakan iso ne bayan an yi kwanaki ana magana a kansa yana ji ba a tambayi bakinsa ba, wani lokaci ma an yaudare shi cewa wani wuri za a je. Idan dattijo ne a ce masa Baba ko Alhaji, idan dattijuwa ce a ce Mma ko Hajiya, idan saurayi ne a tambaye shi sunan da yake so a kira shi da shi. A ba shi kujera, ma'aikacin ma ya zauna, domin tambayar mutum a tsaye da biro a hannu tana kama da tuhuma. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wannan ɗaki maganar tana da amfani na zahiri, domin mai jin muryoyi ko mai zargin ana bin sa yana karanta fuskar mutum fiye da yadda yake sauraron kalamansa.

Bayan an ji ta bakin dangi, a nemi su ba da wuri na ɗan lokaci. Akwai abin da matar aure ba za ta faɗa a gaban uwar mijinta ba, akwai kuma abin da yaro ba zai amsa ba mahaifinsa na zaune. Batun harshe ma yana buƙatar lura. Zango ya tara Hausawa, Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani da sauransu, kuma ba duk mai ciniki da Hausa ko Twi ne yake iya bayyana ciwon zuciyarsa da su ba. Yarinyar da ta zo daga arewa tana dako a kasuwar Kejetia tana iya amsa kowace tambaya da "to" alhali ba ta fahimci rabinta ba. Idan za a nemi tafinta, a guji sa ɗan cikin mutum ko mijin da ake zargin shi ne tushen damuwar.

Da wuya mutumin Zango ya shigo ya ce yana da ciwon damuwa. Abin da zai ce shi ne kansa yana zafi, ko barci ya ƙaurace masa, ko zuciyarsa tana bugawa, ko wani abu yana yawo a jikinsa, ko tunani ya yi masa yawa. Kada a yi saurin cewa ba komai. A bi koken da tambayoyi a hankali: tun yaushe abin ya fara, yaya cin abinci, yana iya fita sana'a, yana jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, yana zuwa masallaci da taron suna kamar da? Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai mako biyu suna hana mutum harkokinsa, to akwai alamar ciwon damuwa. Kafin kuma a yanke cewa lalurar ta ƙwaƙwalwa ce, a auna zafin jiki da hawan jini da sukari, a tambayi ko ya faɗi ya bugu a ka, ko ya daina shan giya farat ɗaya. Mutumin da jiya lafiyarsa ƙalau, yau ya wayi gari a ruɗe bai san inda yake ba ga kuma zazzaɓi, ɗakin gaggawa ya kamata a kai shi, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau da faɗuwar sukari duk suna zuwa da wannan kama. Littafin jagora na shirin mhGAP, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, ya tsara waɗannan matakai dalla-dalla, kuma ya cancanci zama a kan teburin kowa.

Akwai tambaya ɗaya da ma'aikata suke kauce mata saboda nauyinta, ita ce ko mutum yana tunanin kashe kansa. Yin tambayar ba ya dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda kuma yake da shi yakan ji sauƙi idan ya ga an tambaye shi ba tare da tsawa ba. Ana iya shiga ta haka: "Hajiya, idan damuwa ta yi yawa irin wannan, wasu sukan ji gara a ce ba su a duniya. Ke ma kin taɓa jin haka?" Idan ta amsa, kada a fara da wa'azin haramci, domin ta san hukuncin tun tana makarantar allo, kuma sanin ne ma ya sa ta ɓoye. A tambaye ta ko ta shirya wata hanya, a sa wani amintacce daga dangi ya kawar da maganin feshi da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, a kuma haɗa ta da likita a ranar. Yana da kyau dangi su ji cewa tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, saboda har yanzu akwai masu ɓoye ɗan uwansu don tsoron 'yan sanda.

Malam da asibiti

Kusan duk wanda ya zo daga Zango ya riga ya biya ta wurin malam. An yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu, an yi hayaƙi, an kuma gaya wa iyayensa cewa aljanu ne ko sammu ko jifa. Sabon ma'aikaci yakan ji kamar wajibinsa ne ya rushe wannan fahimta a zama ɗaya, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta rasa iyalin gaba ɗaya. Uwar da ta sayar da zannuwanta ta biya kuɗin magani ba za ta yarda yaron da ta girme wa uwarsa ya ce mata ta yi wauta ba. Abin da ya fi shi ne a tambaye ta cikin ladabi abin da aka yi da abin da ta gani ya sauya, sannan a ce: "Mma, a ci gaba da addu'a, mu ma muna buƙatarta. Wannan maganin zai sa ya samu barci, muryoyin da yake ji su ragu. A haɗa biyun, mu gani nan da mako biyu." Ba a nemi ta bar imaninta ba, an dai ba ta abin da za ta auna da idonta.

Amma akwai iyakar da ba a sassauci a kanta. Duka, da hana mutum abinci da ruwa da sunan azumin dole, da sa masa mari a ƙafa, cutarwa ce ko a gidan wa aka yi ta. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a sansanonin addu'a a Ghana, kuma a 2017 Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta sanar da haramta ɗaurin. Duk da haka ma'aikacin da yake shiga gidaje zai iya tarar da wanda aka kulle a ɗakin baya. Ya tuna cewa mafi yawan iyalan da suke yin haka tsoro da gajiya ne suka kai su, sun rasa mai zama da shi, suna kuma fargabar ya fita a yi masa dukan ɓarawo. Faɗa ba zai kwance sarƙar ba. Abin da yake kwance ta shi ne a fara magani, a sanar da shugaban sashe, a sa ranar da za a dawo, a kuma dawo ɗin. Ziyarar girmamawa ga limamin unguwa da mai unguwa da malaman da aka fi kai wa irin waɗannan marasa lafiya tana da riba mai yawa, domin malamin da aka gaida a zaurensa aka yi masa bayani shi ne gobe zai ce wa iyaye su wuce asibiti.

Bayanin magani

A nan ne ake asarar marasa lafiya da yawa, kuma kusan kullum saboda maganar da ba a faɗa ba ce. A ɗauki misalin saurayin da aka fara ba haloperidol, maganin ruɗewar hankali da jin muryoyi. Bayan kwana biyu wuyansa ya sandare ya karkace gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshensa ya yi nauyi, yawu yana zuba. Mahaifiyarsa ta ga haka ta ce aljanun sun fusata, aka zubar da ƙwayoyin, aka mayar da shi wurin malam. Alhali wannan sanannen lahani ne na maganin, ya fi kama samari, kuma akwai maganin da yake warware shi cikin ɗan lokaci. Da nas ya ɗauki minti uku ya ce, "Idan kun ga wuyansa ya ƙage ko hannunsa yana rawa, maganin ne, ku kawo shi nan take, muna da abin da za mu ba shi," da an tsira da yaron da amincewar gidan duka.

Haka kowane magani yake da nasa bayanin. Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa nuna aikinsu sai bayan makonni, saboda haka wanda ba a gaya masa ba zai daina a kwana na biyar ya ce ba ya ji. Idan kuma an samu sauƙi, ana ci gaba da sha na tsawon watanni, ba a yankewa rana ɗaya. Amitriptyline yana da haɗari idan aka sha da yawa, don haka ba a damƙa wa mai tunanin kashe kansa na wata guda a hannu. Olanzapine, wani maganin ruɗewar hankali, yana sa ƙiba, yana iya tayar da sukari, sai a riƙa auna nauyi. Sodium valproate, da ake bayarwa don farfaɗiya da wasu lalurorin ƙwaƙwalwa, yana iya cutar da ɗan tayi, wajibi ne a tattauna da duk macen da za ta iya ɗaukar ciki kafin a ɗora ta a kansa. Wanda yake yawan manta ƙwaya, a yi shawara da likita ko allurar da ake yi bayan 'yan makonni za ta fi masa. Kafin watan azumi kuma, ma'aikaci ya fara tayar da maganar da kansa, domin mutane da yawa sukan ajiye magani shiru su ɗauki azumi. Wasu magungunan ana iya mayar da su lokacin buɗa-baki da sahur, wasu kuma ba a taɓa lokacinsu sai da izinin likita, musamman na farfaɗiya.

Idan maganin kyauta ya yanke, a gaya wa iyali gaskiya, a rubuta musu sunan maganin da kyau, a nemi likita ya duba ko akwai mai araha da zai maye gurbinsa. Mutumin da aka ce masa ya dawo gobe sau uku ya kashe kuɗin mota a banza, ba zai zo na huɗu ba.

Mata masu jego suna buƙatar ido na musamman. Mace ɗaya ko biyu cikin kowace dubu da suka haihu sukan kamu da ruɗewar hankali mai tsanani, yawanci a makonni biyun farko, wato daidai lokacin da gida ya cika da hidimar suna. Mai jegon da ta daina barci ko da jariri ya yi barci, take surutai, ko take cewa jaririn ba nata ba ne, tana buƙatar asibiti a ranar, kuma kada a bar ta da jaririn ba tare da wani babba a kusa ba. Samari masu shan tramol da wiwi kuwa sun riga sun ƙoshi da zagi a gida da waje. A tambaye su nawa suke sha, da wane lokaci, da abin da yake sa su sha, domin mai tura kaya tun asuba da yake sha don jikinsa ya ɗauki aiki ba hanyarsu ɗaya da mai sha don ya manta baƙin ciki ba. A kuma gargaɗe su cewa tramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Idan majinyaci ya harzuƙa, a rage taron 'yan kallo, mutum ɗaya ya riƙa magana da murya ƙasa-ƙasa, a ba shi tazara, kada a tare masa ƙofa, ma'aikacin ma kada ya bari a tare tasa. A ba shi zaɓi ko da ƙarami ne, ruwa ko shayi, nan ko waje. Riƙe mutum da ƙarfi shi ne mataki na ƙarshe, na ɗan lokaci, bisa ƙa'ida, kuma a rubuta shi.

Sirri a gidan haya

Gidajen Zango na haya ne, ɗaki yana jikin ɗaki, kuma labari ba ya kwana. Kafin a kai ziyara gida a tambayi iyalin lokacin da ya fi musu, da ko suna so a zo cikin kayan aiki. Idan maƙwabciya ta tare hanya tana tambayar me ke damun 'yar gidan, amsar ita ce an zo gaisuwa. Tambaya mafi wuya takan zo ne daga dangin wanda yake neman auren majinyaciya, wani lokaci ta bakin mutumin da ma'aikacin yake jin nauyinsa. Ba hurumin nas ba ne ya buɗe fayil ɗin kowa. Abin da zai iya yi shi ne ya zauna da ita majinyaciyar su tattauna yadda za ta gaya wa manemin da bakinta da lokacin da ya dace, domin auren da aka ɓoye magani a cikinsa yakan kai ga daina shan maganin.

Kula da mai kulawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa gajiyar aiki mai cin rai tana da alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin mutum ya yi nisa da aikinsa ko ya fara ƙyamarsa, da raguwar ƙwazo. A ɗakin jinya ta biyun takan bayyana ne ranar da ma'aikaci ya ji kansa yana kiran mutum da lambar gado, ko yana jin haushin wanda ciwonsa ya dawo kamar da gangan ya yi. Dawowar ciwo ɗabi'ar wasu daga cikin waɗannan lalurori ce, kamar yadda sukari da hawan jini suke tashi, kuma wanda ya sa a ransa cewa sai ya warkar da kowa zai karaya da wuri. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne abin da mutum ya koma yi: tela ya koma kan kekensa, mai koko ta sake fitar da tukunyarta, ɗalibi ya zauna jarrabawa. Ina ba da shawarar kowane ma'aikaci ya riƙa lura da irin waɗannan a ransa ko a littafin da babu sunan kowa a ciki, saboda asibiti yana nuna masa waɗanda suka dawo a rikice ne kawai, waɗanda suka samu lafiya suna can kasuwa ba ya ganinsu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ware lokaci, ko da rabin awa ne a mako, da abokan aiki za su zauna su tattauna majinyacin da ya fi tsaya musu a rai, kuma idan aka yi rashin wani ko aka kai wa ma'aikaci hari, kada a wuce kamar ba a yi ba. Ma'aikacin da yake zaune a unguwar da yake aiki yana da ƙarin nauyi, domin za a buga masa ƙofa bayan isha'i, za a tare shi a masallaci da wurin biki. Ya sa iyaka tun da wuri cikin fara'a: ya ba da lambar sashe maimakon tasa in da hali, ya nuna wa iyali inda za su nufa idan abu ya taso da dare, kuma kada ya mayar da albashinsa asusun sayen magani, domin zai ƙare bai biya buƙatar ba, sai ya koma jin haushin mutanen da ya so ya taimaka. Masu buƙatar tallafi a haɗa su da jami'in jin daɗin jama'a na asibiti ko kwamitin zakka na masallacinsu. Idan kuma shi kansa barcinsa ya lalace na makonni, ko ya fara neman abin da zai kwantar masa da hankali a cikin kabad ɗin magani, ya nemi ganin wani ƙwararre da ba abokin teburinsa ba.

Abokan aiki da dama sun tafi Ingila da wasu ƙasashe, kuma ban ga laifin wanda ya tafi neman abin da zai riƙe gidansu ba. Wanda ya zauna dai marasa lafiyarsa sun ƙaru, saboda haka dole ya tsara rubutunsa yadda duk wanda ya gaje shi zai ɗora ba tare da an sake tambayar majinyaci tarihinsa daga farko ba. A kowane fayil a rubuta maganin da ya karɓe shi da wanda ya ba shi matsala, alamar da take fara nuna ciwon zai tashi, sunan wanda yake jin maganarsa a gida, da ranar dawowa. Duk ranar Juma'a kafin a tashi, a duba waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba, a kira su a waya, wanda ba a samu ba a sa gidansu cikin ziyarar mako mai zuwa.